'Yar Ci-rani a Kan Ɗorawa

Litinin, 23 ga Maris, da hantsi

Bakwai na gani yau a bakin rafi, biyar a kan ɗorawa, biyu a cikin marke. Makon jiya tara ne. Ba zan ce sun fara tafiya ba tukuna, wataƙila ni ne ban duba da kyau ba.

Yaya Muhibba ta ce kullum ina cewa "tsuntsuwar nan" kamar duk Ushafa an san ta, don haka bari in rubuta kamanninta. A littafi sunanta willow warbler. Ban samo mata suna da Hausa ba. Ba ta kai gwara girma ba, nauyinta kuma da ƙyar yake kaiwa giram goma. Bayanta kore-kore ne mai duhu, cikinta fari da ɗan rawaya, tana da farin layi a saman ido kamar gira. Daga Turai take zuwa bayan damina, ta yi rani a nan. Ƙarshen Maris zuwa Afrilu sai ta ci ƙwari ta yi ƙiba, ta tashi ta ƙetare Sahara. Dab da tafiyar ne ake jin waƙarta, siririn sauti da ke farawa daga sama ya gangaro a hankali har ya ɓace.

Yahuza, wanda ke haƙa wa Mama Serah yumɓun tukwane a ɗaya gefen rafin, ya ce ashe 'yar ci-rani ce irinsa. Shi ma bayan girbi yake zuwa daga ƙauyensu a Zamfara, in ruwa ya sauka ya koma gona. Na gaya masa namiji ne ke yin waƙar. Ya ce, "Likita, ci-rani ba ruwansa da mace ko namiji." Na sha gaya masa ilimin dabbobi na karanta, ni ba likita ba ne. Ya ce sai na kawo masa shaidar cewa ban taɓa duba tsuntsu ba.

Tun watan jiya nake kunna waƙar a wayata da asuba don in jawo su kusa. Yahuza ya koye ta da baki. Yanzu in na kunna daga gindin ɗorawa, sai ya amsa da fito daga cikin ramin yumɓu. Yau ya ruɗe ni har na rubuta takwas, na goge. Ni ban iya fito ba.

Har yanzu ba a kira mu bautar ƙasa ba. Malamina na jami'a ya ce in ci gaba da ƙirgar har su tafi, za ta yi mini amfani in zan nemi digiri na biyu.

Alhamis, 26 ga Maris, da safe

Ban je rafi ba. Ba wanda ya fita. Daren jiya wasu mutane da bindigogi sun shiga gida na uku daga namu, sun tafi da Baban Precious. Ba zan rubuta sauran ba, domin ji na yi, ban gani ba.

Juma'a, 27 ga Maris, bayan masallaci

Shida. Ban kunna waya ba. Yahuza ya ɗago mini hannu daga rami, bai yi fito ba, ni ma ban tsaya ba.

A masallaci zancen ɗaya ne: mutanen nan ba su yi lalube ba, kai tsaye suka nufi gidan, don haka akwai infoma a unguwa. Kowa yana faɗin kalmar yana kallon ƙasa. 'Yan banga sun sa shinge a bakin layinmu.

Asabar, 28 ga Maris, da hantsi

Shida. Baron Yahuza yana bakin rami, cike da yumɓu. Digarsa na kwance kusa da shi. Shi ba ya nan. Na jira har rana ta ɗaga.

Asabar, bayan la'asar

Yaya ta rufe shago da wuri. Ta shigo ta kulle ƙofa kafin ta ajiye jaka.

Ta ce, "Manniru, mai yumɓun nan abokinka, 'yan banga sun kama shi tun asuba. Yana cikin kwantenarsu ta bakin titi."

Na ce me ya yi.

Ta ce matan da ke zuwa ɗiban ruwa ne suka kai zancen. Wai an fi wata guda, kullum da asuba, wani yana yin wani irin fito a bakin rafi, fito iri ɗaya wanda ba a taɓa ji ba, wani kuma yana amsa masa daga ƙetare. Wai da shi ake sanar da na daji. Sun gane guda ɗaya. Ana neman na biyun.

Ta tsaya tana kallona.

Ta miƙa hannu ta ɗauki madubin hangen nesa daga kan tebur, ta naɗe shi a leda, ta tura shi cikin bokitin garin masara har ya nutse.

"Mutum da madubi, da littafi, yana leƙen daji da asuba. Ka san me za a kira shi a makon nan?"

Na ce, "Yaya, tsuntsaye nake ƙirgawa."

Ta ce, "Ni na sani. Ni ce uwarka ni ce ubanka a garin nan, kuma na ce ba ka da aboki a rafi, ba ka da tsuntsu. Ka ji ni ko?"

Na ce na ji.

Lahadi, 29 ga Maris, da safe

Ban je ba.

Litinin, 30 ga Maris, da azahar

Ban je ba. Daga tsakar gida na ga wata ƙarama a kan mangwaron maƙwabta. Ba zan sa ta a ƙirga ba. Ba tare da madubi ba, ba na iya ganin kalar ƙafa, kuma akwai wasu irinta da ke kama da ita.

Na karanta cewa kafin su tashi wasu sukan ƙara kusan rabin nauyinsu, duk kitse ne. Shi suke ƙonawa a hanya. Wadda ta tashi ba ta cika ba, a hamada take tsayawa.

Talata, 31 ga Maris, da yamma

Mama Serah ta zo shago wai sayen gishiri. Ni ke tsare da shagon. Ta karɓi gishirin ba ta tafi ba.

Ta ce, "Yarona, kai kana zuwa rafi. Ka san Yahuza, ko ba haka ba?"

Na ce, "Muna gaisawa."

Ba ƙarya ba ce. Muna gaisawa.

Ta ce ita ke kai masa abinci, domin ba shi da kowa a nan. Shekara huɗu yana kawo mata yumɓu, ko tsakuwa ɗaya ba ta taɓa samu a ciki ba. Ta je wurin Oga Israel, shugaban 'yan banga, ta gaya masa haka. Ya ce tsakuwa daban, infoma daban.

"Sun ce ya faɗi na biyun. Shi kuma yana ta cewa kukan tsuntsu ne. Sun ce wa ya koya maka, ya ce tsuntsu. Sun ce wa ke amsa maka, ya ce tsuntsu. Wannan taurin kai, Allah ya kyauta. Shi ke ƙara jawo masa."

Na ce Allah ya kyauta. Na ba ta leda.

Laraba, 1 ga Afrilu, da safe

Ban je ba.

Yahuza bai faɗi sunana ba.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da yamma

Ruwan farko ya sauka da la'asar, da iska mai ƙarfi. Shinge, ƙwarin nan masu fiffike, sun fito ko'ina. A ka'ida wannan abinci ne mai kyau ga tsuntsayen, zai sa su cika da wuri.

Yahuza ya taɓa ce mini ruwan Abuja shi ne ƙararrawarsa. In ya sauka a nan, sai ya fara ɗaure kaya, domin ya gyara gona kafin ruwan ya isa can.

Har yanzu babu labarin Baban Precious. Gidansu a buɗe yake, mata na shiga suna fita.

Juma'a, 3 ga Afrilu, bayan masallaci

Na rubuta abin da zan faɗa idan na je. Shafi ɗaya, kowace magana da hujjarta. Na karanta shi kamar ni ne Oga Israel. Ga abin da na ji: wani saurayi marar aiki yana da fiton a wayarsa, yana da madubi, kuma shi ne ke ɗaya gefen rafin.

Duk gaskiya ne. Na yaga shafin.

Asabar, 4 ga Afrilu, da safe

Ban je ba.

Lahadi, 5 ga Afrilu, da hantsi

Ista. Unguwa ta tafi coci, Yaya ta tafi suna a Bwari. Na je rafi hannu rabbana, ba madubi, ba waya.

Baron yana nan. Ruwa ya cika shi, yumɓun ya narke ya kwanta a ƙasa. Wani ya ɗauke digar.

Biyu, iyakar abin da ido ya ba ni. Ɗaya ta yi waƙa daga can saman ɗorawa, sau ɗaya, ta yi shiru. Na ji kunnena yana jiran amsa daga rami.

A hanyar dawowa na haɗu da Mama Serah da kwano a hannu. Ta ce Oga Israel ya ce sun gaji da ciyar da shi, a makon nan za su miƙa shi gaba. Ta ce wanda aka miƙa gaba da sunan infoma, ita dai ba ta san ranar dawowarsa ba.

Na zauna na yi tunani a tsanake. Wayata ba shaida ba ce, ni ma ba shaida ba ne. Shaidar tana kan ɗorawa tana cin shinge. In ta tashi, ba za a sake jin waƙar nan a Ushafa ba sai baɗi warhaka.

Makon jiya shida ne.

Litinin, 6 ga Afrilu, da azahar

Na tono madubin daga bokiti. Ledar ta huje, gari ya shiga gefen gilashi, na goge da gefen riga. Na rataya shi, na kai har bakin shinge. Wani ɗan banga ya ce, "Ina zuwa?" Na ce sayen kati. Na sayi kati na dawo.

Ba ƙarya ba ce. Na sayi katin.

Talata, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je.

Oga Israel yana zaune kan benci gaban kwantena yana cin gyaɗa. Babban mutum ne, da furfura a gemu. Hausarsa ta Abuja ce. Na gaishe shi, na ajiye madubi da waya a kan bencin, na ce ni ne na biyun. Na ce tsuntsaye nake ƙirgawa. Na faɗi sunan tsuntsuwar, da inda take fitowa, da nauyinta. Ban san abin da ya sa na faɗi nauyinta ba.

Ya ce, "Oya, kunna mu ji."

Na kunna. Samari uku da ke wurin suka miƙe tsaye. Ɗaya ya ce, "Shi ne! Wallahi shi ne fiton!"

Oga Israel ya ɗaga musu hannu. Ya juya wayar a tafinsa.

"Kai ne ƙanin Hajiya mai shago, wanda ta gama makaranta?"

Na ce ni ne.

"To ɗan boko, waya ba shaida ba ne. Waya yana iya kukan akuya, yana iya kukan uwata. Ni an haife ni a dutsen nan, ban taɓa jin tsuntsu ya yi wannan ba."

Na ce ba ta da ƙarfin murya, kuma makonni kaɗan take yi a shekara.

"Kwana nawa mutumin nan yana ciki, sai yau ka tuna da tsuntsu?"

Daga cikin kwantena ban ji motsi ba.

Ya sa wayar a aljihu. Ya ce gobe da asuba in kai shi, tsuntsun ya faɗa da bakinsa. In bai faɗa ba, akwai wuri a ciki, mutum biyu za su iya kwanciya. Ya ce kada in wahalar da kaina da gudu, ya san ƙofar Hajiya.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta duba bokiti, ta dube ni, ta zuba mini abinci ta shiga ɗaki.

Laraba, 8 ga Afrilu, da hantsi

Mun tsaya a gindin ɗorawa daga ketowar alfijir har rana ta yi zafi, ni da Oga Israel da samari biyu. Kurciya ta yi kuka, ƙananan tsuntsayen nan jan baki sun sauko shan ruwa. Ɗaya na gani, a cikin marke, tana bin ƙarƙashin ganye. Na nuna masa. Kafin ya gane ta ina ake leƙa madubi, ta shige.

Ba ta yi waƙa ba.

Na roƙe shi ya ba ni wayar in kunna, wataƙila ta amsa. Ya ce, "Don ka kira su wa?"

Ɗaya daga cikin samarin ya ce wai tsuntsun yau yana hutun Ista. Suka yi dariya.

Oga Israel bai yi ba. Ya ce saboda Hajiya, gobe ma. Bayan gobe babu.

Iska ta juyo daga kudu da yamma, sama kuma garau. Irin yanayin da suke tashi ke nan. Na rubuta ne domin haka yake.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da azahar

Na ce su zo da Yahuza, tunda sun hana waya, shi ya kira ta da baki. Oga Israel ya yarda.

Ban gan shi ba tun ranar da ya ɗago mini hannu. Rigar da ke jikinsa ita ce ta ranar. Ba zan kwatanta fuskarsa ba, sai abin da ya shafi aikin: leɓensa na ƙasa ya tsage ya kumbura.

Ya ce, "Likita." Na ce, "Yahuza." Iyakarta ke nan.

Oga Israel ya ce, "To, malamin tsuntsu, kira ɗan'uwanka."

Yahuza ya tattara baki ya hura. Iska ce kawai ta fito. Ya sake, tsagar ta buɗe, ya goge da bayan hannu. Ya dube ni. Ya san ban iya ba.

Muka tsaya. Na duba ɗorawa reshe-reshe, na duba marke, na sake duba ɗorawa. Mata biyu suka zo ɗiban ruwa, suka ajiye bokitai suka tsaya kallo. Rana ta hau kan dutse. Oga Israel ya duba agogo, ya ce wa samarin, "Mu je."

Sai ta fara. Daga can ƙololuwar ɗorawa, siriri, daga sama ya gangaro.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ga shi nan! Fiton ke nan!" tana waige-waige tana neman mutum.

Na sa wa Oga Israel madubin a ido, na riƙe masa gwiwar hannu na ɗaga. Na ce ya bi babban reshe zuwa hagu, inda ganye ya yi sabon toho. Ya ce ba ya ganin komai. Sannan ya hango ta. Ta sake yi, kuma ko ni da ido kawai na ga maƙogwaronta yana motsi.

Ya daɗe bai sauke madubin ba.

Ya ce, "Wannan ɗan abin? Wannan ne ya zo daga Turai?"

Na ce e.

Ya miƙo mini madubin da wayata. Ya ce wa Yahuza, "Ka tafi. Amma ka daina fito a daji, lokaci ba kyau." Ba wanda ya ce komai game da leɓen. Matan suka ɗauki bokitansu.

Yahuza ya gangara rami, ya kifar da ruwan baro, ya tura shi zuwa gidan Mama Serah. Na bi shi a baya. Bai waiwayo ba, bai kuma ce in koma ba.

Ɗaya.

Juma'a, 10 ga Afrilu, da yamma

Yaya ta ba ni atamfa da sabulu in kai masa ya kai wa iyalinsa. Ta ce in ya tambaya, in ce ina Kurudu wurin kawu, ranar Talata na dawo na ji labari. Ta ce ba don kaina ba, don zuciyarsa ta yi sanyi.

Na same shi a bayan gidan Mama Serah, wurin da ake gasa tukwane, yana ɗaure buhu da igiya. Da gefen baki yake magana. Ya karɓi kayan ya ce a gode wa Hajiya.

Ya ce, "Likita, yaushe ka ji an kama ni?"

Na ce, "Ranar da aka kama ka. Da la'asar."

Ya ci gaba da ɗauri. Ya ja igiyar, ya zagaya, ya sake ja.

Ya ce, "To."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Mama Serah tana jera tukwane, ta ba mu baya.

Ya ce, "'Yar ci-ranin tana nan?"

Na ce yau ban gan ta ba.

"Ta riga ni ke nan."

Na ce baɗi zai dawo?

Ya ɗora buhun a ka, ya gyara masa zama.

Ya ce, "Ita dai za ta dawo."

Asabar, 11 ga Afrilu, da hantsi

Babu ko ɗaya. Na duba ɗorawa da marke, na sake dubawa.

Kafin in taho na gwada yin fito. Iska ce kawai.